Garwashin Dutsen Ndomo

Nkhata Bay,
9 ga Satumba, 2011.

Zuwa ga matata, Esnati NyaMhone,

Gaisuwa mai yawa da so da bege, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kamar yadda nake a nan in ban da kewa. Yaya 'yarmu Lusungu da ƙarfin jiki? Yaya jaririyarmu, ta fara gane fuskar kakarta? Yaya kuma sanyin Johannesburg da kika ce yana shiga har ƙashi? Allah ya raya mana ita, amin.

Gida lafiya. Iskar kudu ta kwanta, tafki ya yi luf, da safe har duwatsun hayi ana hangowa. Tuwon rogon da nake tuƙa wa kaina kuwa, ko karen maƙwabta sai ya yi shawara kafin ya ci. Yayanki Yotamu yana nan gindin mangwaronsa, yana ɗinkin raga yana tsokanar duk wanda ya gifta. Ƙafar nan tasa da ta shanye ta matsa masa lokacin sanyi, amma yanzu da sauƙi.

Ran Talata mun yi baƙuwa. Ina zaune wurin Yotamu sai ga wata mata ta sauko daga mota, fuskarta duk shatin tabarau na nutso. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce sunanta Dakta Tiyezge Chavula, malamar jami'a ce, aikinta binciken kifi. Ta ce tsofaffin masu nutson Bwana Mai-lofe, maigidanmu na da mai fitar da kifin ado, take nema.

Yotamu ya ce, "Kin same su, 'yata. Ni ne mai nutso. Wancan kuma Kwaɗo ne, mijin ƙanwata, shi ma yakan jiƙa kansa wani lokaci."

Ta yi dariya, ta zaro wata tsohuwar mujalla ta ƙasar Holan daga jakarta ta ɗora a kan ragar. Esnati, kifin nan Garwashi ne a bangon. Ga jikin nan shuɗi mai duhu, ga jan nan da ya bi ta fiffiken bayansa kamar an hura wuta. Shekara ashirin da bakwai rabona da shi, amma sai na ji sanyin ruwa a bayan wuyana.

Ta ce a da babu shagon kifin ado a Turai da ba a samun sa, har yara na roƙon iyayensu a saya musu. Daga baya aka daina kawo sabon jini daga nan, masu kiwo suka yi ta haɗa shi da wasu iri har jan ya koɗe, mutane kuma suka koma kan sabon yayi. Yanzu na asalin saura biyar a duniya, a gidan wani tsoho a Holan, kuma duk maza ne. Yotamu ya ce ashe har kifaye ma akwai gwauraye a cikinsu.

Dakta ta ce littattafai duk sun rubuta Garwashin Ndomo, shi ya sa ta yi shekara biyu tana nutso a Dutsen Ndomo, ko ɗaya ba ta gani ba. Ta dube ni ta ce, "Baba Kamanga, an ce kai kaɗai ka taɓa kamo shi. Ta wane gefen dutsen?"

Na ce mata ta gabas.

Nan Yotamu ya karɓe zancen, ya ba ta labarin da kin ji ya fi sau ɗari, na ranar da ya sauka ƙasan Ndomo ya hango jan abu yana ƙyalli cikin duhu. Idonsa har ya yi haske, ya ajiye allura yana nuna mata da hannu. Ta rubuta komai.

Tun ranar nan ba na cikin hayyacina sosai. In na kishingiɗa da rana sai in gan ni a rumfar Bwana, inda akwatunan gilashi ɗari biyu suke jere, hasken rana yana ratsa su yana rawa a rufin kwano. Kin tuna ranar da na shigar da ke a ɓoye, kafin aurenmu? Kin sa yatsa a jikin gilashi, kifayen suka taru suna bin sa duk inda ya yi, kika rage murya kika ce wurin kamar coci. Da yamma mukan ɗaure su a leda, a hura musu iska, a jera a akwatuna sai filin jirgi. Na sha tsayawa ina tunanin wani gida can cikin ƙanƙara, an kunna fitila, ɗan kifin da na kamo da hannuna yana yawo yara na kallo. Yanzu rumfar ta zama wurin ajiye buhunan siminti.

Na ba direban bas busasshen usipa, ƙananan kifin nan, ya kawo muku. Ki gaishe da Lusungu da mijinta.

Ni ne mijinki,
Wezi Kamanga.

Nkhata Bay,
2 ga Oktoba, 2011.

Zuwa ga Esnati,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da yaran, na ji daɗi da kika ce usipa ya iso, kuma jaririya ta fara murmushi. Allah ya ƙara lafiya.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Na ɗauki waya sau uku zan kira ki, na kasa, don in na ji muryarki ba zan iya faɗa ba.

Dakta Chavula ta dawo shekaranjiya da tukwanen iska cike da bayan mota. Ta ce maganar Yotamu ta hana ta sukuni, ƙarshen watan nan za ta sauka Ndomo har mita hamsin da biyar, inda ya ga jan abin nan. Ta nuna mana hoton 'ya'yanta biyu da kayan makaranta, ta ce ta yi musu alkawarin hoton Garwashi. Yotamu yana ta ba ta shawarar yadda igiyar ruwan wurin take juyawa. Ni kuwa na tashi na bar wurin.

Esnati, babu Garwashi a Ndomo. Bai taɓa zama a can ba.

A shekarar 1978, lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo a ƙauyensu arewa da Usisya, na je jinya. Wata rana da azahar ta samu barci, na ari kwalekwale na fita don in huta. Akwai wani dutse a nutse wanda ba ya leƙo kai sama, danginmu na uwa suna ce masa Turmin Kaka, saboda ramin da ke tsakiyarsa. Na sa tabarau na sunkuyar da fuska cikin ruwa. Da farko na zaci idona ne. Ramin cike yake da su, ɗaruruwa, in sun juya gaba ɗaya sai wurin ya kama, in sun sake juyawa ya mutu, kamar ana fifita murhu a ƙarƙashin ruwa. Matan kifin launin ruwan ɗorawa gare su, suna shawagi a gefe, wasu kumatu a cike da 'ya'ya. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai da bayana ya ƙone da rana.

Na kawo shida a bokiti. Da Bwana ya leƙa, lofen ya faɗi daga bakinsa cikin ruwan. Ya ce, "A ina?" Masu nutso duk sun kewaye ni, Yotamu yana tsaye a kafaɗata. Sai na ji bakina ya ce Ndomo.

Na sha gaya wa kaina cewa tsoron kada a kwashe su ne ya sa. Ba gaskiya ba ne, tunda ni da hannuna na kwashe su. Gaskiyar ita ce yayanki ya fi ni komai. Ya fi ni zurfi, ya fi ni numfashi, ya fi ni baki, in ya shigo wuri shi ake kallo. Ni Kwaɗo ne. Wannan abu ɗaya ne tak da na samu wanda ba shi da shi, na ƙi in raba. Na zaɓi Ndomo don yana da nisa, ga zurfi, kowa na shakkar sa.

Shekara shida ina tafiya ni kaɗai da kwalekwale, in ce Ndomo na nufa. Sauran suka yi ta gwadawa ba su samu ba, har aka fara cewa asiri gare ni, ni kuma ina jin daɗin a faɗa. Kwanon rufin gidanmu da keken ɗinkinki duk daga ramin nan suka fito. A hankali ɗari ya koma hamsin, hamsin ya koma goma. A 1984 na je sau biyu ban ga ko ɗaya ba. Maimakon in ce na ƙarar da su, sai na ce wa Bwana da alama sun gangara ƙasa. Ya ce to a tura wanda ya fi kowa zurfi.

Ni na riƙe wa Yotamu tiyon iska a ranar. Ina zaune a jirgi, inji yana ƙara, tiyo yana zarewa ta tafin hannuna, na san sarai babu komai a inda za shi. Ya sauka sau ɗaya, ya fito. Ya sauka na biyu, ya fito yana tsaki. Na ce masa ya isa haka, mu tafi. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma shekara ashirin da bakwai ina laɓewa a bayan wannan 'yar maganar. Ya ce, "Abin da Kwaɗo ya kamo ne zai gagare ni?" Ya sauka na uku, ya wuce inda ya kamata, ya taso da gaggawa, abin da ke shanye jikin mai nutso. Da muka jawo shi cikin jirgi yana haki yana dariya, ya ce, "Na gan shi! Wallahi na gan shi!" Can ya dafa cinyarsa ya ce, "Kwaɗo, ƙafar nan ta yi barci."

Sauran kin san shi, don ke kika yi wata huɗu kina juya shi a gadon asibiti, da cikin Lusungu a jikinki. Duk lokacin da kika yaba mini a gaban mutane cewa ban taɓa gajiya da ɗawainiyar yayanki ba, ji nake kamar in nutse a ƙasa. Tun ranar ban sake komawa Turmin Kaka ba.

Ba zan bar matar nan ta sauka ba. Amma ke ya kamata ki fara sani. Duk abin da kika yanke, na karɓa.

Mijinki,
Wezi.

Nkhata Bay,
24 ga Oktoba, 2011.

Zuwa ga Esnati NyaMhone,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Lusungu da jaririya, da fatan kowa lafiya. Takardarki ta iso. Layi uku ne, na haddace su. Kin ce in je in faɗa wa yayanki da bakina, ba a takarda ba, kuma kafin nan kada in sake rubuto miki. Na faɗa masa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ran Alhamis da hantsi na same shi shi kaɗai. Ya ce, "Kwaɗo, lafiya? Fuskarka kamar wanda ya ci tuwon da ya tuƙa da kansa." Na zauna a ƙasa, ba a benci ba, na faro masa daga ciwon mahaifiyata har zuwa tiyo. Bai katse ni ba. Allurar tana shiga tana fita, har na gama.

Na shirya wa zagi. Na shirya wa sandarsa ma, na matso kusa don kada ya wahala wajen miƙa hannu. Amma sai ya tsaya yana kallon tafki, can ya ce a hankali, "To ni me na gani?"

Na ce ban sani ba, Yaya.

Ya ce, "Na gaya wa likita. Na gaya wa fasto. Na gaya wa jikokina ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kalli ƙafar nan da tausayi, nakan ce a raina, kai ba ka ga abin da na gani ba." Ya ja zare ya tsinke shi da haƙori. "Ƙafar, ka daɗe da ɗauke mini ita, na saba. Yau kuma ka zo ka ɗauki wannan. Tashi ka ba ni wuri, Wezi."

Esnati, tun muna samari bai taɓa kira na da sunana ba.

Daga nan na wuce masaukin Dakta na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai cire tabaran karatunta ta daɗe tana goge shi da gefen zani. Ta ce, "Baba, shekara biyu. Na bar ɗana yana zazzaɓi na zo dutsen nan." Na ba ta haƙuri. Ta fasa saukar Ndomo. Da zan fita ta ce, "Za ka iya gane wurin?" Na ce ko an ɗaure mini ido. Na kuma gaya mata kada ta sa rai, don na bar ramin wayam. Ta ce ko wayam ɗin ne tana so ta gani da idonta, ta gaji da rubuta abin da aka gaya mata. Mun sa ranar goma ga watan gobe.

Ran Lahadi a coci Yotamu ya bar bencinmu ya koma can gaba wurin dattawa. Na aika masa da kifi, ya dawo da shi. Ina bi ta bayan kasuwa yanzu don kada in wuce ta gindin mangwaron, hanyar ta ninka, amma ina da lokaci.

Ban tambaye ki yaushe za ki dawo ba. Na san ba ni da bakin tambaya.

Naki,
Wezi.

Nkhata Bay,
13 ga Nuwamba, 2011.

Zuwa ga matata Esnati,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, Lusungu ta warware, jaririya tana ƙiba. Ba ki amsa takardata ta baya ba, ban kuma yi mamaki ba. Amma akwai abin da ya faru wanda hakkinki ne ki ji.

Ran Alhamis da sassafe na sauka bakin ruwa, Dakta tana loda kaya a jirgin inji. Ina ɗaga kai sai ga yayanki zaune daram a tsakiyar jirgin, da hular cocinsa, sanda a kan cinya. Ban san wanda ya gaya masa ranar ba. Na gaishe shi, ya dubi Dakta ya ce, "'Yata, ki gaya wa mutumin nan ya zauna ta baya, yana tare mini iska." Haka muka yi tafiyar awa huɗu, duk maganar da zai yi mini sai ta bi ta wurinta. Ki gaya wa mutumin nan ya miƙo ruwa. Ki tambayi mutumin nan ko yau ma Ndomo za mu.

Tafkin ya kwanta kamar an shimfiɗa zani, har ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Can nesa ƙudajen tafki sun tashi ginshiƙi uku, kamar hayaƙin garuruwan da ke ci da wuta a ƙarƙashin ruwa. Muka wuce Usisya. Kukar da nake saiti da ita ta faɗi, ƙauyen mahaifiyata ma saura gida huɗu, sai da na yi ta kewaye ina daidaita tsagin dutse da bakin rafi. Har Dakta ta fara duban agogo, sai ruwan ƙarƙashinmu ya sauya daga baƙi zuwa kore. Na ce a saki anga.

Dakta ta fara ɗaura kayanta, sai Yotamu ya cire hula, ya cire riga, ya ninke su. Ya ce, "Ki gaya wa mutumin nan ya sa ni a ruwa." Ta ce, "Baba, da ƙafar nan?" Ya ce, "Da ita na fito, da ita zan koma." Na rungumo shi ta baya na zura shi a hankali. Ya yi nauyi a hannuna, amma ruwa na kai masa ƙirji nauyin ya tafi. Na miƙa masa tabarau, na sa nawa, na bi shi.

Mun kwanta a saman ruwa kafaɗa da kafaɗa. Ga Turmin nan a ƙasanmu, zurfinsa bai fi tsayin mutum biyu ba, yadda na bar shi, hasken rana yana saƙa raga a kansa. Kifayen dutse na ta kiwo, masu zane, masu shuɗi, irin waɗanda ko'ina akwai. Ramin kuwa duhu kawai. Muka daɗe. Ba na jin komai sai numfashina da ƙarar ƙananan tsakuwa. Na fara cewa a raina dama na faɗa, sai Yotamu ya damƙi hannuna har ya yi mini zafi.

Ɗaya ne ya fito daga tsagin ramin, ɗan ƙarami, bai kai yatsana ba. Ya tsaya, ya buɗe fiffike, jan ya kama. Wani ya fito ya kore shi. Sai ga mace ruwan ɗorawa, kumatunta a kumbure, ta matsa jikin dutse ta buɗe baki, 'ya'yan suka watsu kamar an busa gari, inuwarmu ta gifta ta sake tsince su ɗaya ɗaya. Ashe waɗanda suka fi hannuna wayo sun lafe a tsagi, suka yi ta haihuwa shekara da shekaru ba wanda ya sani.

Kafin in ankara Yotamu ya ja numfashi ya kifa kai. Esnati, da kin gan shi. Da hannu kawai yake tafiya, ƙafar tana biye da shi a baya, amma babu gurgu a wurin, saurayin nan ne da kowa ke kallo. Ya kama bakin Turmin ya kwanta a kai, fuskarsa a cikin ramin, suka fito suna kewaya farin kansa. Ya daɗe har na tsorata na fara sauka, sai ya saki dutsen ya taso a hankali, yana kallon ƙasa har ya iso.

Ya riƙe gefen jirgi yana mayar da numfashi. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ta koma wani abu daban, muka kau da kai ni da mai tuƙi. Da ya natsu ya ce, ba ta bakin kowa ba, "A nan? A ruwan da yara za su yi wasa? Kai, Kwaɗo, Allah ya isa." Ban taɓa jin daɗin Allah ya isa ba sai ranar.

Dakta ta yi awa ɗaya a ƙasa, ta ƙirga arba'in da uku. Ta fito idonta jawur, ta ce tabarau ne ya matse ta. Ta ce ba za a taɓa ko ɗaya ba sai sun yi yawa. Yotamu ya ce gwaurayen Holan su ƙara haƙuri, shi ma ya yi shekara tara da rasuwar matarsa bai mutu ba. Ta ce dole ta rubuta cewa ba a Ndomo yake ba, don kada wani ya sake sauka can, amma ainihin wurin zai zauna a kulle a ofishinta, sunan kuma sai an sake. Yotamu ya ce, "Wurin ki gyara. Sunan ki bar shi. Garwashin Ndomo. Da ƙafata na saye shi." Ta ce za ta bar shi.

A hanyar dawowa Yotamu ya jingina da buhun kaya yana kallon sama. Mun kusa gida ya ce, "Ba shi na gani ba, ka sani. Wanda na gani a Ndomo ya fi wannan girma. Ya fi shi kyau nesa ba kusa ba." Na ce na yarda, Yaya. Ya ce, "Ba yardarka na nema ba."

Kada ki ɗauka komai ya koma daidai. Bai dawo bencinmu ba, bai kuma taka gidanmu ba. Amma jiya na bi ta gindin mangwaron, ya ce in zauna in riƙe masa bakin raga, na riƙe har azahar yana zagina, wani zagin na wasa, wani na gaske. Da na ce masa zan rubuto miki, ya ce in sa saƙonsa yadda ya faɗa, kada in gyara ko kalma ɗaya. Ga shi:

"Esnati, ki tattaro kayanki ki dawo gida. Jin haushin mutumin nan aikin mutum biyu ne, ni kaɗai na fara gajiya."

Bas ɗin Johannesburg yana isowa Mzuzu duk ranar Asabar. Zan riƙa zuwa tasha.

Ki sumbaci jaririya, ki gaishe da Lusungu da mijinta. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki,
Wezi Kamanga.